Sunan Aro a Takardar Biza

Shekara arba'in da uku ina zaune da mutum, na haifa masa 'ya'ya bakwai, mun binne biyu tare, sai ga wata tsohuwar takarda ta fito daga gindin akwati ta ce wai ba mijina ba ne. Ni Batulu! Bari dai in ɗauko muku zancen daga tushe, don in na faro daga tsakiya raina zai ɓaci, in yi ta faɗa ba ku fahimci kome ba.

Maigidana tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Ya koyar a Yauri, ya koyar a Kance, ya ƙare da darakta a nan Matameye kafin ya aje aiki. Duk gari Mushe Hashimu ake ce masa, Mushe ɗin nan na faransanci da ake kiran malaman lakwal da shi. Ni kuwa Mushe kawai nake cewa, don tun ranar da aka kai ni ɗakinsa sunan nan bai ƙara fita daga bakina ba. Mu haka aka tashe mu, mace ba ta kama sunan mijinta. Abin ma ya zame mini aiki biyu, domin yayana da muke ciki ɗaya, wanda ke noma a Kurni, shi ma Hashimu ne, sai na koma ce masa Yaya kawai. Ko a kasuwa na gamu da mai wannan suna, sai dai in ce “mai sunan Mushe”. Yau kun ji ina faɗinsa gatsal ba ko ƙifta ido, to ku yi haƙuri, za ku ji dalili.

Bazarar bara Mushe ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci bayan azahar. Likitan zuciya a Damagaram ya gaya mana ƙarara, zafin Afrilu da Mayu ba na mai irin ciwonsa ba ne. Da ɗanmu na uku, Adnan, wanda ke aikin injiniya a Kanada, ya ji labari, sai ya kawo shawara mu raba shekara gida biyu. Watannin zafi da damina mu yi su can wurinsa, lokacin ƙanƙararsu ta narke. In kaka ta yi mu dawo gida, ni in duba lambun rakena, Mushe ya koma majalisarsa. Na ce madalla. Jikoki uku gare ni can, ban taɓa goya ko ɗaya ba, a gilashin salula kawai nake ganinsu suna ɗago mini hannu.

A watan Janairu Adnan ya zo da kansa don a haɗa dosiye, wato takardun neman biza. Da hantsi ya shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida, ya buɗe ordinatarsa, kwamfuta ke nan, ya ce mu zauna. Ranar famfo ya ɗauke, sai na ji ƙarar kurar ruwa a waje, na ƙwala kira:

“Ummaru! Kai Ummaru! Jarka shida, kuma kada ka kawo mini mai laka irin na jiya!”

Ummaru ga-ruwa dattijo ne, gemunsa fari fat, ya fi shekara ashirin yana kawo mana ruwa, muna faɗa muna shiryawa. Mushe ya ɗago kai ya dube ni, sannan ya mai da kai ƙasa. Kullum haka yake yi in na kira mutumin nan, ni kuwa na ɗauka muryata ce ta yi masa yawa. Ban taɓa ragewa ba. Wanda ya auri mai murya ai ya san abin da ya aura.

Adnan ya ce, “Inna, Baba, biza iri biyu ce a gabanmu, sai ku zaɓa. Akwai ta ziyara, irin wadda kowa ke nema. In kun sauka, ma'aikacin filin jirgi ne zai yanke iya zaman da za ku yi, kuma bai cika wuce wata shida ba. Akwai kuma ta iyaye da kakanni. Ita sai likita ya duba ku, sai na yi muku inshorar lafiya, sai mun nuna shaidar ku kuka haife ni. Amma in aka same ta, ko ciwo ya tsai da Baba ya zarce wata shida, ba mai ce muku ku fita.”

Na ce, “To me ake jira? Ta iyayen mana. Ko ba mu muka haife ka ba?”

Mushe ya yi gyaran murya ya ce, “Wacce ce ba ta son takardu da yawa?”

“Baba, kowacce sai an cika takardar dangi. Sunan uba, sunan uwa, mata, 'yan'uwa. Ku dai ba ni takardunku na haihuwa da ta aure, sauran aikina ne.”

“Tawa gara ta cinye ta tuntuni.”

Gara! A ɗakina? Mutumin da har yau yake ajiye da littafin kiran sunan ɗalibansa na Yauri, ko kusurwa ɗaya ba ta yage ba, shi ne gara za ta ci wa takardar haihuwa? Ni da na san kowane ƙulli a gidan nan. Na tashi na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, na zaro tsohuwar jakar fata da ke can gindi. Ban yi boko ba, amma na san takarda mai hatimi in na gan ta. Na kwaso duka na zube gaban Adnan, har ina yi wa Mushe tsiya: “Ga garar nan, ta ci ta rage maka.” Da hannuna na yi, ba wanda ya aike ni.

Adnan ya fara ɗaukar tawa, wadda aka yi mini lokacin da zan tafi Makka. Ya karanta: “Batulu, ɗiyar Abdulra'uf Yunus da Halimatus Sa'adiya, an haife ta a Kurni.” Na ce haka ne, Allah ya jiƙansu. Ya buga a na'ura. Sai ya ɗauki ta ubansa, ya buɗe ta a hankali don ta tsufa har ta kusa rabewa. Ya karanta da ido. Ya sake karantawa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ƙara dubawa.

Na ce, “Karanta mana, ka yi tsuru kamar wanda aka yi wa mutuwa.”

Ya ce, “Hashimu, ɗan Abdulra'uf Yunus da Halimatus Sa'adiya. An haife shi a Kurni.”

“Tawa ka sake ɗauka.”

“Inna, ta Baba ce.”

“To kai da karatunka ku gyara zama! Wa bai san uban Mushe ba? Kabiru mai haƙar rijiya, wanda rijiya ta rufta da shi. Uwarsa Najaha ta bi shi ba a rufa shekara biyu ba, shi ya sa ya tashi a zaurenmu. Wannan ko akuyar Kurni ta sani.”

Adnan ya ce, muryarsa can ƙasa, “Na daɗe da ganin Abdulra'uf a katinsa. Na taɓa tambaya, ya ce sunan wanda ya riƙe shi aka sa. Amma wannan takardar ba riƙo ta ce ba, haihuwa ta ce. Uba ɗaya, uwa ɗaya. Inna, a takarda ke da Baba wa da ƙanwa ne.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kunnuwana suka toshe, tsakar gidan ta yi mini nisa. Na dubi ɗan da na haifa da cikina, na ji kunyarsa ta rufe ni kamar ya kama ni da wani abin assha. Na juya wurin Mushe ina jira ya yi dariya, ya ce kuskuren magatakarda ne. Bai yi dariya ba. Yatsun ƙafarsa yake kallo.

Adnan ya ce, “Baba, takardar auren fa? In akwai ta, wataƙila ta taimaka.”

“Babu. Ba a taɓa yin ta ba.”

Na ce, “Kana ma'aikacin gwamnati, kai da kake kora iyayen yara meri, ofishin magajin gari, su yanko takardu, naka auren ba ka rubuta ba?”

“Da na shiga meri da takardun nan biyu, me zan ce musu, Hajiya?”

“Ashe ka sani!”

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa ginshiƙin rumfa. “Aurenmu halal ne, Allah shi ne shaida. Abin da ya wuce wannan na rantse da Alƙur'ani ba zan faɗa ba.” Ya ɗauki buta ya fita, alhali ko kiran azahar ba a yi ba.

Nan fa Shaiɗan ya zo ya zauna a kunnena. In takardar ce mai gaskiya fa? Sai na tuna lokacin da Mushe ya dawo daga makarantar malamai ya ce yana sona, ni ma na ce ina sonsa, yadda Baba ya tashi ya ƙeƙasa ƙasa ya ce ba zai yiwu ba. Bai faɗi dalili ba. Sai da liman ya yi ta zarya wata uku kafin ya sauko. A lokacin na ɗauka don maraya ne ba shi da gona. Yanzu kuwa gabana sai faɗuwa yake, ina lissafa 'ya'ya biyar da jikoki goma sha ɗaya ina cewa, ya Allah, me muka yi?

Adnan ya ga halin da nake ciki, sai ya kawo abin da yake gani mafita ce. “Inna, akwai dabara. Bana a nema wa Baba shi kaɗai, ta ziyara, a rubuta yadda takardarsa ta ce. Lafiyarsa ce a gaba. Ke sai mu duba baɗi.”

“A gurbin mata me za ka rubuta?”

Ya mai da ido kan na'urarsa.

“A gurbin ƙanwa fa? Nan za ka sa ni ko?”

Ban jira amsarsa ba. Na ce, “Tashi ka tada mota. Kurni za mu.”

Mun iske Yaya a fadama yana ɗaure rake, rana ta take tsaka. Ko gaisuwar kirki ban bari mun yi ba, na zazzage masa kome a tsaye. Ya saurara, ya saki igiya, ya zauna a kan dami, sai kawai ya fashe da dariya har hawaye na bin gemunsa. Na ce, “Yaya, gidana na ci da wuta kana dariya?”

Ya ce, “Kwantar da hankalinki, Batulu. Mijinki ɗan Kabiru ne, ba digon jininmu a jikinsa. Zauna ki ji. Shi aka sa ya rantse, ni ba wanda ya sa ni.”

Na zauna a ƙasa.

Ya ce, “Shekara biyu da samun mulkin kai, kumandan, mai mulkin yankinmu, ya aiko gardi, ɗan sandansa, a kan raƙumi da takarda. Kowane mai gari ya ba da yara lakwal, kuma ya fara da ɗan cikinsa. Kin san Baba ne mai gari, sunana kuma yana cikin littafinsu. A lokacin cewa ake wanda ya shiga lakwal ya bar salla ke nan. Inna ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ranar da gardin zai kwashi yara, Baba ya ɗaga ni ya jefa cikin rumbu ya rufe. Ya je zaure ya kamo marayan nan, ya sa masa rigata, ya ɗora hannunsa a kan Alƙur'ani. Ya ce daga yau sunanka Hashimu, ni ne ubanka, in ka gaya wa wani za a ɗaure ni, alhakina kuma a wuyanka. Shekararsa bakwai, kamar ni. Daga nan Baba ya hana duk gari kiransa da tsohon sunansa, kin kuwa san ba a ja da Baba. Ke sai da damina ta zagayo aka haife ki.”

Ya shiga murza ganyen rake. Dariyar ta tafi.

“Akwai wata ɓula a jikin rumbun, ta nan na leƙa. Na ga an ɗora shi bayan raƙumi. Sauran yara iyayensu na biye suna kuka. Shi sai waige yake, ba wanda ya biyo shi. To kin ji. An ɓoye ni kada boko ta ɓata ni, sunana ya tafi ya yi karatu ya zama darakta, ni ga ni nan da rake. Ban ce Baba ya yi mugunta ba, abin da ya sani ya yi. Da mijinki ya zo neman aurenki, tsoro ya kama Baba kada a je rubuta aure asiri ya tonu, shi ya sa ya yi ta turjiya.”

Na yi ajiyar zuciya, na ce alhamdulillahi ya fi sau goma. Ashe tsugunne ba ta ƙare ba. Adnan ya ce, “To Kawu, kai da wane suna ka yanki katin ɗan ƙasa?”

“Nawa ai ya riga ya shiga hannu. Da na tashi yanka sai na ɗauki wanda ya bari.” Ya laluba aljihu ya zaro kati a cikin leda ya miƙa masa. Ya dube ni yana murmushin tsiya. “A takarda kam ni ne ɗan Kabiru. In mijin da gwamnati ta yarda da shi kike nema, ga ni.”

Na ɗauki sandar rake na kai masa, ya kauce. Adnan kuwa ya ɗaga katin ya karanta: “Ummaru Kabiru.”

Sandar ta suɓuce daga hannuna.

Na ce, “Wa?”

Yaya ya ce, “Ummaru. Shi ne sunan da aka yanka masa rago da shi.”

Jama'a, na ɗauka na gama jin abin mamaki a ranar, ashe babban yana baya. Sunan da na yi shekara arba'in da uku ina kaffa-kaffa da shi, ina zagaye shi kamar rijiya, na yayana ne. Na mijina kuwa ina ta jifa da shi ta kan katanga saboda jarkar ruwa. “Kai Ummaru, ba ka da hankali ne?” “Ummaru, Allah ya shirye ka!” A gabansa, yana zaune, yana cin tuwona. Kuma duk kiran da na yi sai ya ɗago kai. Ba muryata ce ta dame shi ba, amsawa yake tashi yi sai ya tuna. Na rufe fuska da mayafi a tsakiyar fadamar nan na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna.

Yaya ya wanke ƙafa ya biyo mu Matameye. A hanya Adnan ya kira wani abokinsa da ya san aikin kotu, suka daɗe suna magana da faransanci. Bayan la'asar muka iske Mushe a rumfa, inda muka bar tabarma, takardun na nan yadda suke ba wanda ya taɓa.

Yaya ya zauna kusa da shi ya ce, “Takwara, ni na faɗa, ba kai ba. Rantsuwarka na nan ba ta karye ba. Wanda ka rantse dominsa ya shekara talatin a ƙasa, ba kumandan da zai ɗaure shi yanzu.”

Mushe ya sunkuyar da kai.

Adnan ya ce, “Baba, ana iya gyarawa a kotu. Sai an kai shaidun da suka ga abin da idonsu, a gyara sunan iyayenka, sannan a yi muku takardar aure. Amma zai ɗauki watanni, kuma kowa zai ji. Ba mamaki a waiwayi takardun aikinka ma. In muka bi ta nan, bazarar bana a gida za ta same ka, ka kuwa ji abin da likita ya ce. In kuma ka yarda da ta ziyara kai kaɗai, kafin Afrilu kana can.”

Ni mai baki ce, kowa ya sani, amma ranar a hankali na yi magana. Na ce, “Mushe, ka tafi. Rai ya fi takarda. Ni roƙona ɗaya, kada a rubuta ni a gurbin ƙanwa. A bar wurin fari, na yafe.”

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Na taɓa tafiya ni kaɗai da sunan wani, Hajiya. Ina ta waige ba wanda ya biyo ni. Ba zan ƙara ba.” Ya juya wurin Adnan. “Ta iyaye za ka nema, mu biyu, kowa da ubansa. In ba ta samu bana ba, Allah ya kai mu baɗi.”

Adnan ya koma bakin aikinsa, ya bar mu da zaryar kotu. Bazara kuwa ta zo ba ta yi mana sauƙi ba. Wuta na ɗaukewa tun hantsi, ni ce jiƙa zane in lulluɓa masa, ya bushe in sake jiƙawa. In ya yi barcin rana sai in tsaya a kansa ina duba ko ƙirjinsa na motsi. Na yi nadamar jawo akwatin nan ya fi sau ɗari. Na ce wa kaina, Batulu, in mutumin nan ya mutu a zafin nan, bakinki da hannunki ne suka kashe shi. Sau biyu na roƙe shi ya janye, a nemi ta ziyarar, sau biyun yana ce mini in kawo masa ruwan sanyi in bar zancen.

A tsakiyar Mayu aka kira mu. Yaya ya zo da tsofaffi biyu daga Kurni, ɗaya ya haura tamanin da biyar, sai da aka riƙo shi hagu da dama. Magatakardan kotun ma ashe tsohon ɗalibin Mushe ne. Yana rubutu yana ɗagowa yana kallon malaminsa, baki buɗe. Tsofaffin suka faɗi abin da suka gani, har launin rigar da aka sa wa yaron. Yaya ya ba da labarin rumbu. Alƙalin, mutum ne mai natsuwa, ya ajiye alƙalami ya ce shi dai ya sha gyara shekarun haihuwa, amma bai taɓa raba miji da mata daga zama wa da ƙanwa ba sai yau. Ya ce sunan Hashimu zai zauna a takarda tunda da shi aka yi karatu da aiki, amma za a mayar wa kowa iyayensa, a kuma rubuta sunan yanka a gefe.

Sai aka zo kan aure. Ya ce in matso.

“Hajiya, wa kika aura?”

Na nuna da hannu. “Ga shi nan zaune, ranka ya daɗe.”

“Sunansa nake so.”

“Mushe.”

Aka yi 'yar dariya a baya. Alƙali ya ce, “Kotu ba ta san Mushe ba, Hajiya. Na san al'ada, uwata ma haka take. Amma sau ɗaya dai, sai kin faɗa da bakinki kafin a rubuta. Sunansa na yanka da na mahaifinsa.”

Ni da ake jin muryata daga bakin tasha, wallahi sai ta maƙale. Gumi ya jiƙa mini mayafi. Sunan da na yi ta watsawa shekara ashirin ba ko tunani, yau ya yi mini nauyi kamar turmi. Na kasa duban alƙali, na kasa duban Yaya, sai na juya wurin mai sunan, na ce a hankali:

“Ummaru. Ummaru ɗan Kabiru.”

“Na'am,” in ji shi.

Ba wanda ya tambaye shi, fita kawai ta yi. Dattijo mai shekara saba'in, darakta guda, ya amsa da sauri kamar yaron da aka kira cin abinci, sannan ya sa hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Ba wanda ya ƙara dariya a ɗakin nan. Magatakarda ma sai da ya nemi hankici.

Da takardu suka fito muka ɗauki hotonsu muka tura wa Adnan. Ya cika dosiyen bizar iyaye, ya kira ni ya karanta mini layin da bakinsa: a gurbin mata, Batulu Abdulra'uf. Na sa ya maimaita. Amsa dai har yanzu muna jira, damina kuma ta sauka, Mushe ya samu sauƙin numfashi.

Ran nan famfo ya sake ɗaukewa, na ji kurar ruwa a waje. Na buɗe baki zan ƙwala kira, sai na kama kaina. Na je har bakin ƙofa na ce a hankali, “Mai sunan Mushe, jarka shida.”

Ga-ruwa ya waiwaya bayansa ya ga ba kowa, ya dube ni. “Hajiya, lafiya? Yaushe kuma na zama Hashimu?”

Na ce, “Zuba ruwa ka kama gabanka, ba dogon zance na kira ka ba.”

Da ya fita, Mushe ya kira ni daga rumfa. Yana kishingiɗe, carbi a hannu, bai ko dube ni ba.

“Hajiya, ki riƙa kiransa yadda kika saba.”

“Haba Mushe! Bayan na sani? Ina kunyar take?”

Ya ce, “Shekara ashirin a nan kaɗai nake jin sunan nan daga bakinki. In famfo ya daɗe bai ɗauke ba har damuwa nake yi. Kada ki hana ni.”

Na tsaya riƙe da murfin randa. Can na jiyo ƙarar kurar ta kusa shan kwana, na duba na ga jarka biyar ya zuba, ba shida ba. Na goge ido da bakin zane, na tsaya a tsakar gida, na ɗaga murya yadda na saba.